SAMU DABAN, DUKIYA DABAN: WAIWAYE KAN TARIHIN MATSAYIN JAMA'A A ƘASAR HAUSA

 

Waɗanda suka halarci taronmu na bara za su tuna da gardamar da ta kaure a kan kuɗin ƙungiya. Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a kasa mu gida biyu: masu albashi su riƙa biyan ninki biyu, waɗanda ba su da albashi kuwa su biya rabi, tunda a faɗarsa ba su da ƙarfi. Aka yi na'am, aka tafa, aka rubuta sunaye. Ni aka sa ni a gida na farko, don kuwa ina mataki na 10 a ma'aikatarmu, ga shi na zo da mota, shaddata kuma ta sha guga. Wani ɗan ajinmu da ya zauna a bayana tun daga aji ɗaya har muka fita, wanda bai samu zuwa jami'a ba, ya koma sana'ar hatsi ta mahaifinsa, shi aka sa shi a gida na biyu. Bai ce uffan ba, murmushi kawai ya yi.

Ba a yi wata huɗu ba sai mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗi, ya ce ko in biya na shekara gaba ɗaya ko in tashi, a daidai lokacin da ake neman kuɗin makarantar yara. Na duba gabas na duba yamma, na ga ba inda zan nufa sai wurin wannan ɗan ajin namu. Ya ranta mini, ko rubutu bai nema ba. A ranar ne na ga abin da ban sani ba. Gidan da yake ciki nasa ne, yana da gonar gado da ke ciyar da iyalinsa, yana da sito biyu cike da masara da dawa, yana kuma da 'yan shanu a hannun wani makiyayi. Da na yi masa tsiya na ce ashe attajiri muka sa a layin marasa ƙarfi, sai ya rantse mini cewa akwai watan da abin da ke shigo masa bai kai albashina ba, akwai ma watan da ko sisi ba ya shigowa. Gaskiya ya faɗa. Amma a hanyata ta komawa gida na tambayi kaina: in aka tsai da albashina wata uku, shi kuma aka rufe masa kasuwa wata uku, wa zai fara neman wani? Hausawa dai sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wannan tambaya ce ta mai da ni ga darasin tarihi, wanda Malaminmu ya sha wahalar cusa mana, tun ranar da ya sa mu haddace sarakunan Kano daga Bagauda har zuwa Alwali. Malam, Allah ya ƙara girma, ga ɗalibinka ya dawo aji, in na yi kuskure a gyara mini.

Mene ne samu, mece ce dukiya?

Samu, watau kuɗin shiga kamar yadda ake cewa a rediyo, shi ne abin da ke shigowa hannun mutum cikin wani ƙayyadadden lokaci: albashin wata, ribar ciniki, ladan ƙwadago, kuɗin hayar shago. Ba a faɗinsa sai an haɗa da lokaci, a ce kaza a rana ko kaza a wata. Dukiya kuwa ita ce abin da mutum ya mallaka a yau ɗin nan, bayan an cire bashin da ake binsa: gida, gona, fili, dabbobi, jari, hatsi a rumbu, zinaren uwargida, ajiyar banki. Samu kamar ruwan indararo ne, yana zuba muddin ana ruwan sama. Dukiya ita ce abin da aka tara a randa. Wanda indararonsa babba ne amma randarsa fasasshiya ce, da an ɗauke ruwa zai shiga maƙwabta da bokiti.

Abubuwa uku ne suka fifita dukiya a kan samu. Na farko, dukiya tana haihuwa: saniya ta haifi maraƙi, gona ta ba da amfani, shago ya kawo haya, alhali mai su yana barci. Na biyu, ita ce ke tare mutum ranar da ciwo ko gobara ko sallama daga aiki ta zo. Na uku, ana gadonta. Ba a taɓa jin an raba gadon mataki na 16 ba. Ranar da ma'aikaci ya bar kujera, wani ne zai hau.

Magabatanmu ba su jahilci wannan bambanci ba, domin yana nan a babin zakka da suka karanta a Risala. In ban da amfanin gona, wanda ake fitar wa ranar girbi, zakka tana duba abin da ya zauna ne a hannu. Sai kuɗi sun kai nisabi, watau kimar dinari 20 na zinariya ko dirhami 200 na azurfa, kuma shekara ta zagayo suna nan, sa'an nan ake fitar da ɗaya bisa 40. Haka dabbobi: raƙuma daga 5, shanu daga 30, tumaki da awaki daga 40. Ke nan mutum zai iya karɓar miliyoyi a shekara, su bi ta tafin hannunsa su wuce, zakka ba ta hau kansa ba, ga makiyayi kuwa mai riga ɗaya ta hau kansa.

Kafin zuwan Turawa

A zamanin Daular Sakkwato, wadda aka kafa bayan jihadin da aka fara a 1804, da ma kafin ta, babban layin da ya raba jama'a shi ne na mulki. Akwai masu sarauta, akwai talakawa. A nan ya kamata mu lura da cewa asalin ma'anar kalmar talaka ita ce wanda ake mulka, ba wanda ba shi da abin hannu ba. Attajiri komai dukiyarsa talakan sarki ne, in ya je fada zai tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa. Wanda ba shi da shi kuwa akwai sunayensa daban: matalauci, fakiri, miskini. A tsakiya kuma akwai wanda Bahaushe ya yi wa kyakkyawan suna, mai rufin asiri, watau wanda ba ya cikin attajirai amma ba ya roƙon kowa.

A shekarar 1851 wani Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiye-tafiyensa da sunan Abdulkarim, ya zo Kano. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma rubuta cewa arzikin garin yana kan saƙa da rini, tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ya ce kowane maigida yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, ana kuma karɓar wuri 700 a kan kowane karofi, ga karofi fiye da 2,000 a cikin birni kaɗai. A duba da kyau: hukumar wancan zamani ba ta bin marini ta tambaye shi nawa ya samu jiya. Karofinsa take ƙirgawa, kamar yadda take ƙirga shanun Bafillace ta karɓi jangali.

Kuɗin lokacin wuri ne, kuma a zamanin Barth wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya a Kano. Daga tsakiyar ƙarnin, kamfanonin Turai suka riƙa jigilar wuri a jiragen ruwa daga gaɓar gabashin Afirka suna zubewa a kasuwannin yammacin Afirka, har darajarsa ta faɗi warwas. Ga shi kuma da nauyi, keso ɗaya mai wuri 20,000 kayan ƙato guda ne. Saboda haka mai hankali ba ya ajiye arzikinsa a wuri. Yakan mai da shi riguna, dawaki, shanu, gishiri, goro da gonaki. Kuma dole a faɗi gaskiya komai ɗacinta, babban ɓangare na dukiyar manya a wancan zamani bayi ne, waɗanda ke noma a gandaye da rinjoji. Dukiyar wasu ta ginu ne a kan gumin mutanen da aka raba da 'yancinsu.

Fatake su ne misalin attajiran zamanin. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan ɗaura wa jakuna kaya su nufi Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga da ke ƙasar Ghana ta yau, tafiyar da kan ci watanni. Falke yakan ga riba ne sau ɗaya a shekara, wata shekarar ma 'yan fashi ko ruɓewar goro su cinye ta. Abin da ya sa ake ce masa attajiri shi ne jarinsa, da dabbobinsa, da yaran gidansa, da amanar da ke sa a ba shi kaya bashi.

Wani abin mamaki kuma shi ne bayin sarki. A fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayi ne, amma masu riƙe da su suna da gonaki da dawaki da mutane, kuma da yawa daga cikin 'ya'ya masu asali sai ta hannunsu suke ganin sarki. A shari'a bawa ne, a fada mai faɗa a ji ne, a gida mai dukiya ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa tun da can ba da sikeli ɗaya ake auna mutum ba.

Jirgin ƙasa, gyaɗa da haihuwar albashi

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Manoma suka ga kuɗin ƙarfe a hannu irin wanda ba su taɓa gani ba, ga shi kuma Bature yana son harajinsa da kuɗi. Sai damina ta ƙi a 1913, yunwa mai tsanani ta auka wa ƙasar Kano da arewacinta a 1914, dubban mutane suka rasu. Fari ne ya jawo ta, amma ta nuna bambancin gidan da ke da sulalla a aljihu da gidan da ke da damman gero na shekara biyu a rumbu. Da farashin hatsi ya tashi, sulallan ba su daɗe ba.

A wannan zamani ne Alhaji Alhassan Ɗantata ya yi fice. An haife shi a Bebeji cikin zuriyar Agalawa, ya fara da fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, sa'an nan ya zama babban mai sayen gyaɗa yana sayar wa kamfanonin Turawa. An ruwaito cewa da aka buɗe reshen banki a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Bai riƙe sarauta ba, bai karɓi albashin kowa ba. Yau shekara 70 ke nan da 'yan kai da rasuwarsa, gidansa na nan a cikin manyan gidajen kasuwanci, kuma Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Ga ma'anar cewa dukiya ana gadonta.

A ɗaya gefen kuma, Turawa suka haifar da wani sabon abu. Daga wajen 1911 aka kakkafa baitulmali a masarautu. Hakimi da a da yake ɗibar rabonsa daga harajin da ya tara, aka yanka masa albashi. Aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, daga nan aka fara samun malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti da malaman gona, waɗanda jama'a suka tara su a suna ɗaya, ma'aikata. Darajarsu ta fito ne daga takarda, da kusanci da hukuma, da kuma tabbacin cewa ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ƙarshen wata zai zo. A ƙasar da kowa ke kallon sama kafin ya san makomarsa, wannan tabbaci ba ƙaramin abu ba ne. Su ne kakanninmu a sana'a, kuma daga wurinsu muka gaji tunanin cewa mai albashi shi ne mai ƙarfi.

Da wane sikeli ake auna matsayi?

A jami'a an karantar da mu ra'ayin masana biyu 'yan Jamus. Karl Marx ya ce abin da ke raba mutane rukuni-rukuni shi ne mallaka: wa ke da gona ko masana'anta ko jari, wa kuma ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa da lokacinsa. In aka bi wannan sikeli, darakta da masinjansa gida ɗaya suke, dukansu lokacinsu suke sayarwa, ɗan ajinmu mai sito biyu kuwa yana wani gidan. Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya ce sikelin uku ne: abin hannu, da darajar da jama'a ke ba mutum, da iko. Mutum zai iya yin nauyi a ɗaya ya yi sakayau a sauran. Da na karanta wannan sai na ga Bahaushe ya riga shi, tunda ya bambanta mai kuɗi da mai asali da mai mulki, ya kuma ware wa malami nasa gurbin.

Wani masani ɗan Jamaika, M. G. Smith, ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya kuma buga maƙala a 1959 kan yadda Hausawa ke jera matsayi. Ya ce sana'a ce babban ma'auni. A sama akwai masu sarauta, kusa da su malamai da manyan attajirai, a tsakiya akasarin manoma da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, a ƙasa kuma aka sa makaɗa da mahauta da 'yan dako da barori. Ya kuma lura cewa sana'ar da aka gada, watau karda, ta fi wadda aka shiga da rana tsaka, watau shigege, daraja a idon mutane. A wannan jeri mahauci zai iya fin limami kuɗi nesa ba kusa ba, amma a hana shi auren 'yarsa. Wannan tsohon ra'ayi ne da babu adalci a cikinsa, kuma ilmi da zamani sun rage masa ƙarfi, sai dai duk wanda ya taɓa shiga maganar neman aure ya san bai mutu ba.

'Yan siyasa kuma suka ɗauki sikelin iko. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta bayyana a Sanarwar Sawaba cewa gwagwarmayar Arewa tsakanin masu riƙe da hukumar En'e ce da talakawa. A cikin waɗanda suka amsa sunan talakawa a lokacin akwai 'yan kasuwa da teloli da malaman zaure masu rufin asiri. Abin da ya haɗa su shi ne ba su da murya a kan haraji da kotun alkali da aikin tilas.

Amma sikelin da ya fi burge ni na mutanen ƙauye ne. Wata Baturiya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma buga littafinta kan garin a 1972. Da taimakon mutanen garin aka kasa gidajen manoma 171 kashi huɗu, bisa tambaya guda: in girbi ya yi latti ko ya lalace, yaya gidan zai kasance? Akwai waɗanda ba za su ji a jikinsu ba, har su taimaki wasu, kuma ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. Akwai waɗanda za su riƙe kansu amma ba su da na bayarwa. Akwai waɗanda za su ɗan wahala, akwai kuma waɗanda za su wahala ƙwarai. Ta gano cewa mai hali yana ajiye hatsinsa sai ya yi tsada ya sayar, marar hali kuwa bashi da haraji kan tilasta masa sayarwa da kaka lokacin da yake araha, ya dawo ya saya da bazara, da damina kuma ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar mai halin. Haka tazarar ke ƙaruwa shekara bayan shekara, ba don wani ya fi wani ƙwazo ba. Tambayar mutanen Ɓatagarawa ita ce dai wadda na yi wa kaina a hanya.

Daga Udoji zuwa yau

An fara amfani da naira ran 1 ga Janairu 1973, a daidai lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwararowa. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974. Aka ɗaga albashin ƙananan ma'aikata daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975. Mahaifina, Allah ya ƙara masa lafiya, yana ƙaramin akawu a lokacin. Yakan ba mu labari yana dariya cewa shi babur ya saya da rediyo mai kaset, baffanmu kuwa, wanda masinja ne, ya sayi fili a bayan gari, ana yi masa dariya wai ya sayi daji. Babur ɗin ko ƙarfensa ba a san inda yake ba. Dajin baffa yau yana tsakiyar gari, da shaguna a gabansa, su ne suka aurar da 'ya'yansa. A shekarar 1975 ɗin ma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, ta lashe wani ɓangare na ƙarin tun kafin a gama murna.

Wasu manyan ma'aikata sun fahimci lissafin da wuri. Dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun ba su damar sayen hannun jari, Dokar Ƙasa ta 1978 kuma ta sa rabon filayen birane a hannun gwamnoni, wanda ke kusa da ofis ya riga kowa jin labari. Wasu sun samu ta halal, wasu ta hanyar da ba ta dace ba. Ko ta yaya, waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka mai da kujera ƙasa da gini kafin guguwa ta taso.

Guguwar kuwa ta taso. A 1981 aka kafa mafi ƙarancin albashi a naira 125 a wata, lokacin da naira ta fi dalar Amurka daraja, watau kimanin dala 200 ke nan. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100. Malamanmu da suka yi aiki a waɗannan shekaru sun fi ni sanin yadda malamin sakandare mai mota ya koma tafiya a ƙasa. An ci gaba da ƙara lamba: naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Amma a 2024 ɗin dala ɗaya ta haura naira 1,500, ke nan naira 70,000 ba ta kai dala 50 ba. Litar man fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a watan Mayu na 2023, ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Abin da ya sami wuri a ƙarni na 19 shi ne ya sami naira a idonmu. Wanda ke da buhu a sito, farashi yana tashi yana tashi da shi. Wanda ke jiran ƙarshen wata, farashi yana tashi yana barinsa a ƙasa.

Ba ina zargin ma'aikaci da almubazzaranci ba ne. Albashin da bai kai ƙarshen wata ba ba ya zama fili, komai tsimin mai shi. Kuma ɗan ajinmu da kansa ya ce mini da bai gaji gona da jari ba, da bai kai inda yake ba. Shi ma yana da nasa fargabar, gobarar kasuwa ɗaya ko faɗuwar farashin hatsi na iya karya shi. Abin da nake cewa shi ne mu daina ɗaukar takardar albashi a matsayin shaidar ƙarfi.

Kammalawa

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya su sake duba shawarar bara. A soke gida biyun nan, a sa kuɗi ɗaya mai sauƙi da kowa zai iya, wanda Allah ya hore wa ya ƙara a asirce ta hannun ma'aji. Jerin da muka yi ya ɗora wa wasu kayan da ya fi ƙarfinsu, kunya ta hana su magana, har na san mutum biyu da suka ce ba za su zo taron bana ba saboda haka. Ya kuma raina wasu da suka fi mu abin bayarwa.

Na biyu, kada mu bar kuɗin asusunmu suna kwance suna narkewa. A kafa ƙungiyar gama kai mai rajista, a riƙa sayen hatsi da kaka, a sayar wa 'yan ƙungiya a farashi mai sauƙi da bazara, a kuma ware kaso na musamman ga malamanmu da suka yi ritaya. Da yawansu sun ba da shekara 35 suna koyarwa, suka fita da fansho da garatutin da sai an yi ta jele kafin a gani, wasu har yanzu a gidan haya. Muna da wanda ya san sana'ar hatsi ciki da bai a cikinmu, shi ne wanda muka sa a layin marasa ƙarfi.

Bashin dai na biya shi, a kashi biyar, kuma na shiga adashi da niyyar sayen fili ko da a daji ne irin na baffa. Lokacin da muke makaranta riga iri ɗaya muke sawa, layi ɗaya muke bi da kwano a ɗakin cin abinci, ɗan hakimi da ɗan mahauci da ɗan falke, ba wanda ya san abin da uban wani ya mallaka sai ranar ziyara. Ina fata taronmu ya ci gaba da zama haka.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya kai mu taron bana lafiya. Amin.